Idan Na'urori Suka Manta Sunan Juna

Ƙannena da kuke shigowa wannan sana'a ta kula da saba, wadda wasu marubutanmu ke kira uwar garke, akwai wani dare da nake so in ba ku labarinsa, ko Allah zai sa ku tsira daga irinsa. Shekarun baya ina aiki a wani ofishi da ba sai na kama suna ba. Muna da saba uku a ɗan ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, an haɗa su gungu ɗaya, ta yadda in guda ta faɗi sauran biyun su ɗauki kayanta ba tare da mai amfani ya sani ba. Ranar wata Alhamis faifan ajiyar ta ukun ya mutu. Aka kawo sabo, na ɗora mata Ubuntu a kan teburina, na mayar da ita mazauninta, na ba ta sunanta na da, da lambarta ta da. Da la'asar na ce wa ogana ya tafi gida abinsa, kafin magariba komai ya daidaita.

A ɗakin nan na yi isha'i, a cikinsa kuma na yi asuba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne komai lafiya lau a ido. Na aika ping daga ta farko zuwa ta uku, ta amsa. Na tambayi sunanta da dig, aka ba ni 10.0.0.13, lambarta ke nan ba kuskure. Amma manhajar gungun da ke kan biyun farko ta kafe cewa ta ukun ba ta nan, ita kuma ta ukun tana zaune ita kaɗai tana jiran 'yan'uwa. Na canja waya. Na zargi na'urar da ke rarraba layi. Na sauke katangar tsaro gaba ɗaya, abin da ba zan yarda wani yaro ya yi a gabana yau ba. Na kashe na kunna har na daina ƙirga. Sai wajen ƙarfe huɗu, bayan dabara ta ƙare, na rubuta ss -ltn don kawai in ga ƙofofin da manhajar ta buɗe tana saurare. Ga ta nan tana saurare, amma a kan 127.0.1.1. Na buɗe /etc/hosts, a layi na biyu na tarar da sunan na'urar an jingina shi da wannan lambar. Debian da Ubuntu kan rubuta layin da kansu lokacin ɗora su, don na'ura ta riƙa gane sunanta ko da babu layin sadarwa. A kwamfutar tebur alheri ne. A cikin gungu kuwa ga abin da ya jawo.

Duk lambar da ta fara da 127, ma'anarta a wurin kwamfuta ita ce “ni kaina”. Manhajar ta tashi ta tambayi na'urarta, wace ce lambata? Aka ce mata 127.0.1.1. Ta zauna a can, ta kuma sanar da sauran biyun cewa can za a same ta. Kamar ka tambayi baƙo inda za ka same shi gobe ya ce maka “gida”, kai kuma ka tashi ka nufi gidanku kana sallama. Kowace ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta, ba ta tarar da wadda take nema ba. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

To me ya sa dig bai nuna mini ba? A nan ne nake so ku natsu, don shi ne zuciyar maganar. Mu mutane muna ɗauka suna abu ɗaya ne, kowa ya kira shi amsa ɗaya zai samu. A wurin na'ura ba haka ba ne. Amsar ta danganta da wanda ya yi tambaya, da inda yake tsaye, da hanyar da ya bi, da lokacin da ya tambaya. A Linux, idan manhaja tana son lambar wani suna, yawanci ba ta zarcewa kai tsaye wurin DNS, tsarin da ke mayar da suna lamba. Laburaren tsarin take tambaya, shi kuma ya duba /etc/nsswitch.conf ya ga wa aka ce a fara tambaya. Galibi za ku ga an rubuta files kafin dns, wato a fara da /etc/hosts, in ba a samu ba sannan a fita waje wurin sabobin da aka jera a /etc/resolv.conf. Shi kuwa dig, da ɗan'uwansa nslookup, ba ruwansu da wannan layi. Tsallake fayil ɗin suke yi su tafi wurin DNS. Ni ina ta jin ta bakin mai unguwa, alhali manhajar da yaron ƙofar gida take magana. Umarnin da ke bin sawun manhaja shi ne getent hosts, a sa sunan a gabansa. Da na rubuta shi tun magariba a kan ta ukun, da a gida na kwana.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku ku mayar ɗabi'a. Duk ranar da gungu ya rikice, kafin ku taɓa komai, ku shiga kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya ku yi mata tambayoyi iri ɗaya. Wane suna kike kiran kanki da shi, gajere da cikakke? Wace lamba kike ba wannan sunan? Wace lamba kike ba sunan kowace 'yar'uwarki? In an ba ki lambar, wane suna za ki mayar? Ku ɗauki takarda da biro, ku ja layuka, ku rubuta amsoshin gefe da gefe. Na san za ku ga kamar ƙauyanci ne mai kwamfuta ya koma ga biro. Amma saba uku tambaya tara ce kawai a kan sunaye, kuma ido yana saurin kama baƙon layi a takarda fiye da a allon da rubutu ke ta gudu. Sau da yawa tun kafin ku cike takardar ɓarawon ya fito.

Shi wannan fayil na hosts ba sabon yanka ba ne, kuma tarihinsa yana da abin koyo. A zamanin ARPANET, kakar intanet ta yau, sunayen duk na'urorin da ke kan layi a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, ana ajiye shi a cibiyar SRI da ke Kalifoniya ta Amurka, a hannun ma'aikatan da Elizabeth Feinler ke jagoranta. Mai sabuwar na'ura ya tuntuɓe su a rubuta shi, kowa kuma ya riƙa kwafo fayil ɗin lokaci zuwa lokaci. Da na'urori suka yi yawa sai abin ya gagara, wannan yana riƙe da kwafin jiya, wancan na makon jiya. A 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, aka sake tace shi a 1987, kuma a kan wannan tubalin ake tafiya har yau. Kun ga ciwon da ya sa aka bar HOSTS.TXT, wato kwafi da yawa da ba su yi daidai da juna ba, shi ne dai muke sake shukawa da hannunmu duk ranar da muka gyara /etc/hosts a saba biyu muka manta ta uku.

Kada ku ɗauka ina cewa a yi watsi da fayil ɗin. Manyan sana'ar nan sun rabu biyu a kansa, ni kuma ina da ɓangare. A ganina sunayen da 'yan gungu ke kiran juna da su, musamman a keɓantaccen layin da suke jin numfashin juna a kansa, ya kamata su kasance a /etc/hosts na kowace, ko kuma a ba manhajar lambobin kai tsaye. Dalilina daga ƙasarmu na samo shi. An ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, batiran suka ƙare, ɗaki ya yi tsit. Da wuta ta dawo duk na'urorin tare suke tashi, kuma ba wanda ya yi muku alkawarin sabar DNS za ta riga sauran. Na taɓa ganin inda aka ajiye sabar DNS ɗin a matsayin na'urar cikin na'ura a kan gungun da shi kansa ba ya tashi sai da DNS. Makulli a cikin ɗaki, ɗaki a kulle. Sharaɗina ɗaya ne: kada hannun mutum ya riƙa rubuta fayil ɗin saba bayan saba. A ajiye asali guda, a bar wani abu kamar Ansible ya rarraba shi.

In kuna ganin wannan kuskuren ƙananan ofisoshi ne, ku tuna yammacin 4 ga Oktoba, 2021, ranar da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, mutane a nan suna ta zagin kamfanonin waya suna sake sayen data. Wani umarni ne da aka bayar lokacin gyara ya yanke babban layin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin. Sabobin DNS ɗinsu an tsara su ne in suka daina jin cibiyoyin su janye kansu daga taswirar intanet, suka kuwa janye. Sunan facebook.com ya zama ba mai amsa shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kamar yadda kamfanin ya bayyana da kansa, shi ne yawancin kayan aikin da injiniyoyinsu za su yi gyaran da su, su ma da DNS ɗin suka dogara, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu.

Akwai kuma inda fayil ɗin /etc/hosts ba ya aiki ko kaɗan. Masu kula da Oracle RAC sun san sunan SCAN da ya zo tun 11g Release 2. Ana son suna ɗaya ya riƙa mayar da lamba uku daga DNS, ana jujjuya su. Wanda ya yi wayo ya cusa shi a /etc/hosts lamba ɗaya zai tsira da ita, amfanin abin ya tafi.

Yanzu bari in koma kan nau'in da ya fi cin rai, wanda ba ya mutuwa kuma ba ya lafiya. Mutane su ce muku tsarin yana nauyi. Ku duba ƙwaƙwalwa, ku duba faifai, duk suna hutawa. A nan agogo ne abokinku. Ku auna jinkirin. In kuka ga daƙiƙa 5 cif, ko 10, ko 15, kullum adadin bai canja ba, to ruwa ba ya tsami banza. A Linux, in ba a canja ba, na'ura kan jira sabar DNS ta farko daƙiƙa 5 kafin ta haƙura ta koma ta biyu, takan zagaya jerin sau 2, kuma sabobi uku kacal take karantawa a resolv.conf ko da kun jera goma. Saba ta farko ta mutu tun watan jiya ba wanda ya lura, don ta biyun tana rufa asiri, sai dai kowace tambaya da harajinta na daƙiƙa 5. MySQL ma, in ba a hana ta ba, takan nemi sunan duk lambar da ta zo haɗuwa da ita. In ba mai amsa wannan tambayar, baƙo ya tsaya a ƙofa yana jira.

Wata ɗabi'a da nake yawan gani a wurin matasa, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, ita ce ƙara 8.8.8.8 ta Google a jerin, wai ko ta kwana. Ku yi tunani. Google ba ta san sunayen cikin gidanku ba. Kuma a wannan tsarin “babu wannan suna” amsa ce cikakkiya, ba a ɗaukar ta a matsayin shiru. Na'ura tana komawa saba ta gaba ne in ba a amsa mata ba. In an ce mata babu, ta yarda, ta juyo. Ranar da sabarku ta cikin gida ta ɗan yi nauyi, tambaya ta faɗa hannun Google, sai a ce wa manhaja 'yar'uwarta ba ta taɓa wanzuwa ba. A na'urorin da systemd-resolved ke riƙe da ragama abin ya fi muni, don in ya koma kan wata saba yakan zauna a kanta har sai ita ma ta gaza. Za ku gane shi in kun buɗe resolv.conf kuka tarar da 127.0.0.53 kawai. Kada ku tsaya gyara fayil ɗin da hannu, za a share muku. Ku tambayi resolvectl status ya faɗa muku wa ake tambaya a zahiri.

Sai batun hadda. Na'urori suna haddace amsa don kada su riƙa tambaya kullum, kuma kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wanda ake kira TTL. Kun canja lamba a DNS, dig ya nuna sabuwa, amma rabin masu amfani suna can suna buga tsohuwar ƙofa. A gungun Windows, sunan gungu yakan yi rajista da wa'adin daƙiƙa 1200, minti 20 ke nan. In aiki ya tashi daga wata cibiya ya koma wata mai lambobi dabam, gungun ya gama ƙaura cikin ƙiftawar ido, masu nemansa kuwa suna iya shafe minti 20 a tsohon gida. Java tana da tata haddar a cikin cikinta, wadda ba ta jin maganar tsarin, kuma a wasu saituttukan ba ta mantawa sai an kashe manhajar an kunna. Ga nscd can gefe shi ma da tasa. Har “babu” ana haddacewa. Wanda ya yi gaggawar gwada suna kafin a ƙirƙire shi, ya jawo wa kansa jira ko bayan an ƙirƙira. In kun san za ku yi ƙaura, ku rage wa'adin tun da wuri, ku bari tsohon wa'adin ya cika, sannan ku ɗaga kaya.

Sauran tarkunan zan wuce su da sauri, don da zarar kun iya tambaya za ku kama su. Mai rubuta kundin yanki ya manta ɗigon ƙarshe a bayan cikakken suna, sai sunan yankin ya maimaita kansa a wutsiya. Ko ya yi gyara a babbar saba ya manta ƙara lambar siriyal, ƙaramar ta ci gaba da rabon tsohon labari, yau amsa daidai gobe ba daidai ba, ya danganta da wadda aka tarar. Ko mai katangar tsaro ya buɗe ƙofa ta 53 ga UDP kaɗai ya rufe TCP, ƙananan amsoshi su wuce, manya su maƙale. Ko a raɗa wa yankin cikin gida suna mai ƙarewa da .local, alhali an keɓe wannan wutsiyar ga wani tsarin dabam. Ko suna ya kasance yana da lambar IPv6 da ba wanda ke saurare a kanta, manhaja kuma ita take fara gwadawa.

Amma akwai guda biyu da ba zan wuce su haka ba. Na farko tambayar baya, daga lamba zuwa suna, wadda ake ajiye amsarta a rikodin PTR. Kundinta dabam ne, sau da yawa ma mai kula da shi dabam ne, shi ya sa ake mantawa da ita. Kerberos yana da tsananin kula da cikakken suna, in abin da aka faɗa a gaba bai yi daidai da na baya ba yakan ƙi ba da izini, saƙon da zai ba ku kuma ba lallai ya ambaci suna ba, sai ku tafi kuna farautar kalmar sirri. Na biyu canja wa saba suna bayan ta shiga gungu. Wani sabon oga ya zo ya ce sunayen ba su da tsari, a gyara. RabbitMQ, alal misali, tana kiran kanta rabbit@ haɗe da sunan na'ura, da wannan sunan kuma take buɗe jakar da take ajiye bayananta. Ku canja sunan ku kunna, sai ta buɗe sabuwar jaka fanko, ta tashi kamar yau aka haife ta, ba layukan saƙo ba masu amfani. Bayanan suna nan a tsohuwar jaka ba abin da ya same su, amma na ga yaro ya riƙe kai yana salati, ya ɗauka ya hallaka aikin shekara. In dole sai an canja, a fitar da sabar daga gungu da ladabi, a canja, a sake shigar da ita.

Wani abu kuma da ba a koyarwa a aji. Tsakar dare, waya tana ta ƙara, oga yana tambaya kowane minti biyar, hannu zai riƙa ƙaiƙayin canja abu uku a lokaci guda. Ku daure ku canja ɗaya, ku gwada, ku rubuta abin da kuka gani. In kun canja uku abin ya tashi, ba ku san wanne ne maganin ba, biyun da suka rage kuma kun binne su ne wa wanda zai gaje ku. Kuma kada ku ji kunyar kiran na gaba da ku. A daren nan nawa ogana yana da waya, girman kai ne ya hana ni bugawa. Da safe da na nuna masa layin, dariya ya yi, ya ce shi ma ya taɓa kwana a kansa.

In kuma matsi ya sa kun cusa layin wucin gadi a /etc/hosts don a samu a wuce daren, ba laifi, kowa ya yi. Amma ku sa alamar # a samansa ku rubuta kwanan wata, da sunanku, da dalili, sannan ku sa wa kanku ranar cirewa. Kwanakin baya wata ƙanwarmu da ta fara aiki tare da mu ta zo ta same ni, ta ce, “Yaya, saba ta biyu ita kaɗai take neman rumbun bayanai a lambar da muka bari tun ƙaura, sauran duk sun koma sabuwa.” Ta ajiye mini takarda, ta ja layuka da biro, amsar kowace na'ura a gidanta, guda ɗaya ta zagaye ta da ja. Muka buɗe fayil ɗin tare. Layin yana can ƙasa, ba kwanan wata, ba dalili, ba sunan kowa. Ta tambaye ni ko na san wanda ya sa shi. Na dubi yadda aka jera shi, da tazara biyu tsakanin lamba da suna maimakon ɗaya, yadda yatsana ya saba tun ina koyo. Na ce mata ta goge, ta sake kunna manhajar, in mun dawo daga azahar zan ba ta labarin.